Amfilifayar Sa'adu Mai Rediyo

Sa'adu mai rediyo bai iya kaɗa jita ba, bai taɓa mallakar jita ba, kuma a danginsa kaf ba a taɓa jin wanda ya riƙe ko da gurmi ba. Amma shi ne mutumin da ya kwashe shekara uku yana hidimar amfilifayar jita a Anguwan Rogo, wato akwatin nan mai lasifika da makaɗa ke jona wa jita don a ji ta daga nesa. Burinsa ba mai yawa ba ne. So yake ya ji an kaɗa jita a cikinta sau ɗaya, kafin ta mutu ko shi ya mutu.

A barikin kuza aka haife shi, can bayan Bukuru. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Zazzau da niyyar cin rani ɗaya, ya ci arba'in, a nan aka binne shi. Sa'adu bai gaji ɗaukar kwanon kuza ba. Ya samu shiga sashen wutar kamfani, ya koyi jan waya da gyaran rediyon Turawa, ya kuma koyi yin shiru, don wanda ya koya masa aikin ba ya son tambaya.

Wata Asabar da hantsi, shekara guda bayan samun mulkin kai, aka tura shi kulob ɗin manyan kamfani ya canza ƙwan fitila. Yana can saman tsani sai wani makaɗi da zai yi wasa a ranar ya shigo, ya jona jitarsa a wani akwati mai launin ƙasa, ya jira, ya jira, sannan ya shafi tsirkiyoyin sau ɗaya. Sa'adu ya ce ba ta kunne sautin ya shige shi ba, ta ƙafar tsani ya hawo, ya bi tafin ƙafarsa har ƙirji. Makaɗin ya gyaɗa kai, ya kashe, ya tafi neman abinci. Iyakar abin da Sa'adu ya ji ke nan. Ya ɗaura ƙwan, ya sauko, ya saɓi tsaninsa ya fita.

Shekaru suka tura. Ya bar kamfani ya buɗe shago a Dilimi, tsakanin mai walda da mai tsofaffin tayoyi. Tun yana kamfani ya auri Hajjo, 'yar wani mai fataucin shanu, suka haifi 'ya'ya mata huɗu suka aurar. Kullum warin dalma yake yi. Yakan ɗaga ƙullin wayar liƙi ya nuna wa mutane, ya ce kuzar da ubansa ya haƙa ce ta je Ingila ta dawo ba ta gane kowa ba. Asalin aikinsa rediyon da ne, mai bawul, kwalaben nan da ke yin ja a ciki in an kunna, sai sun yi ɗumi sannan murya ta fito. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka cika gari ya shiga gyara su, don dole a ci abinci, amma bai taɓa ganin girmansu ba. A ganinsa duk abin da ke fara magana ana taɓa shi bai yi tunani ba.

A 1976 kamfanin ya fara tattara komatsansa, aka sa kayan kulob a gwanjo. Hajjo ta aike shi ya sayo mata kabad, don ta ji an ce akwai masu gilashi, kwanukanta kuma sun gaji da zaman ƙarƙashin gado. Da la'asar sai ga Sa'adu tafe a bayan mai amalanke, hannunsa ɗaya a kan wani akwati mai launin ƙasa da gizo-gizo ya gama yi wa saƙa. Ya ce ita ce, ita ɗin ce ta ranar tsani. Babu mai shaida, babu kuma mai ƙaryatawa. Hajjo ta zagaya akwatin sau biyu, ta tambaya ta ina ake buɗewa a sa kwano. Da ya yi mata bayani ta ce to, ta koma ciki. Ba ta sake tayar da maganar kabad ba, sai dai duk ranar da ta durƙusa jawo kwano takan yi nishi mai ɗan tsawo in yana kusa.

A zaure ya ajiye amfilifayar, don shagon Dilimi yana yoyo. Da ya leƙa cikinta ya tarar ɓeraye sun daɗe da tarewa. Sun ci wayoyi, sun shimfiɗa tsummoki, sun yi fitsari a kan taransifoma. Takardar lasifika ta yage wuri biyu, ya liƙe ta da takardar sigari da gam, yana shafawa da gashin kaza.

Taransifomar ce ta ci masa damina guda. Ta ƙone, ba a sayar da irinta, sai dai a warware tsohuwar waya a naɗa sabuwa, zagaye dubu da ɗaruruwa, in lissafi ya ɓace a koma farko. Da carbi yake ƙirgawa, don shi ne abin ƙirgan da hannunsa ya saba da shi. Masu wucewa suka riƙa ganinsa a zaure bayan la'asar, kai a sunkuye, baki na motsi, carbi na tafiya, in an yi sallama sai dai ya ɗaga hannu. Kafin kaka ta yi an fara kiransa Malam Sa'adu da wani irin nauyi a murya, har wata tsohuwa ta aiko da ƙwaryar gero a sa jikarta a addu'a. Ya mayar da geron, ya yi addu'ar.

Ƙananan bawul bai sha wuyarsu ba, ya ciro daga matattun rediyoyin shago. Manyan guda biyu, waɗanda su ne ƙarfin muryar, su suka gagara. Ya aika Sabon Garin Kano, ya aika Anacha ta hannun direbobin manyan motoci, kowa ya dawo da amsa ɗaya, wai an daina yayinsu. A ƙarshe ya samo guda biyu a injin wata silima da ta rufe a Kafanchan, ya naɗo su a cikin hularsa, ya riƙe a cinya har Jos, kansa a buɗe cikin sanyi. Biyu ne, babu na uku. Shi kuwa bawul kamar kyandir yake, duk sa'ar da ya yi a kunne ta fita daga kwanansa.

Ranar da ya fara ba amfilifayar wuta, ya kashe, ya zare waya daga bango, ya kai hannu ciki zai gyara wani abu, ta yi jifa da shi har bakin ƙofa. Irin waɗannan na'urori suna riƙe wuta ko an zare su, Sa'adu kuwa ya san haka, ya ma sha gaya wa wasu. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya leƙa waje ko wani ya gani. Daga ranar hannu ɗaya yake sa mata, ɗayan yana aljihu.

Ya kafa mata dokoki. Ba a motsa ta tana da zafi. In an kunna a jira minti biyar. A damina yakan kunna ta ranar Juma'a na ɗan lokaci, don kawai ta kori laima. Babbar doka kuwa ita ce a bar mata taƙi biyu tsakaninta da bango, don bayanta a buɗe yake, ta nan zafi ke fita. A ƙarshen 1977 ya jona makirfo ya ce gwaji, gwaji, kajin maƙwabta suka watse. Ya kashe da sauri. Yanzu saura jita.

Mai jita ɗaya ya sani, Romanus, Ibo ne haifaffen Jos, wanda yaƙin basasa ya kora gida ya kuma dawo da aka gama. A wani otal yake wasa a cikin gari, yana kawo wa Sa'adu rikodarsa gyara. Da ya ji labari ya zo har zaure, ya tsuguna ya leƙa bayan amfilifayar, ya cire hula. Matsalar ita ce jitar ba tasa ba ce. A zamanin kayan kiɗa na mai otal ne, ana gama wasa a kulle su a sito, mabuɗi kuma yana ɗamarar mai otal. Romanus ya ce to a kai amfilifayar can. Sa'adu ya girgiza kai. Mutum ɗan shekara hamsin, mai surukai huɗu, wanda bai daɗe da zama Malam ba, ba zai yiwu a gan shi yana bin amalanke zuwa inda ake sayar da giya ba.

"Oga Sa'adu, ka yi haƙuri," in ji Romanus. "Rana zai zo."

Da amfilifayar shiru ta yi tana jira, da babu labari. Amma unguwa ta riga ta ji gwaji, gwaji. Ana saura kwana uku Babbar Sallah ragon Bala mai kayan miya ya tsinke, Bala ya zo zaure ya roƙi a ba shi makirfo ya yi cigiya. Akwai wani makunni a jikinta da ake murɗawa don sautin jita ya riƙa rawa, gwiwar hannun Bala ta taɓa shi. Bala ƙato ne, muryarsa kuma ta kasuwa ce, amma ranar sai aka ji ta tana karkarwa har bakin masallaci: fari ne, mai baƙin kunne, don Allah duk wanda ya gani. Mata a cikin gidaje suka ce wayyo, bawan Allah kuka yake yi. Kafin magariba an kawo masa ragonsa, an kuma kawo wasu biyu da ba nasa ba.

Daga nan aro ya buɗe. A Anguwan Rogo ba a hana aro. Turmi, tsani, tabarma, babbar tukunya, duk abin da ke gidanka na unguwa ne, kai ajiya kawai aka ba ka, wanda ya hana kuwa sai ya shirya neman masu ɗaukar gawarsa a wata unguwa. Amfilifaya ta je suna, ta je walimar sauka, ta je taron 'yan tasha. Sa'adu yakan shimfiɗa mata katifa a amalanke, ya bi ta a ƙasa, ya zauna a bayanta yana duba agogo. A shekarar ce ya tsani mutum mai dogon jawabi. Duk lokacin da mai magana ya ce daga ƙarshe, sannan ya ci gaba, ji yake ana gutsurar masa bawul. Bai taɓa faɗa ba. Ya dai riƙa tambayar Romanus labarin mabuɗi, Romanus yana ba shi haƙuri.

Sai Lukuman tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, ya tashi aurar da 'yarsa Kubra, ya aro ta don walima. Ranar ta zo daidai da jana'izar wani tsohon abokin aikin Sa'adu a Bukuru, wadda ba ta da fashi. Ya kai amfilifayar gidan Lukuman tun ana jibi, ya maimaita masa dokoki sau uku, Lukuman yana cewa ai ba komai.

Lukuman mutum ne mai mutunci, ba ya mayar da kayan aro hannu rabbana. Ban da haka, dangin ango daga Kano za su zo, shi kuwa ya dubi akwatin nan, baya a buɗe, wayoyi a waje, ya ji kunya a madadin Sa'adu. Ya ɗauko tef ya auna ta. Ya ɗinka mata riga ta karan-miski kore, ya sa soso a ciki saboda sanyin Jos, ya yi mata aiki da zare mai ruwan zinare a gefe. Ta zauna mata cif, ba inda iska za ta shiga. Ya bar gaban lasifika da 'yar ƙofar da waya za ta fita. Dokar taƙi biyu kuwa bai karya ta ba, da kansa ya auna daga bango. A cikin rigar nan ta yi aiki tun daga azahar har magariba, dangin ango kuma mutane ne masu jawabi.

Sa'adu ya dawo daga Bukuru ya tarar Lukuman da kansa ya rako ta, da kwanon shinkafa a hannu. Zauren yana warin guga da aka manta a kan riga. Sa'adu ya ɗora tafin hannu a kan karan-miskin, ya ɗauke.

"Malam Sa'adu, ka ga na rufa mata asiri," in ji Lukuman. "Ko kaɗan ba ta ji sanyi ba."

Sa'adu ya dubi ɗinkin. Ɗinki ne mai kyau, ba a cewa komai. Ya faɗi haka, ya yi godiya, ya shiga ciki ya kawo tukuici kamar yadda ya kamata, ya raka Lukuman bakin ƙofa. Sannan ya dawo ya tuɓe mata rigar, ya ninke ta sosai ya ajiye.

Washegari da ta huce ya kunna. Ba a yi minti uku ba ƙarfen da ke cikin ɗaya daga manyan bawul ɗin ya fara ja kamar garwashi, jan da bai kamata ba. Ya kashe. Shekara talatin yana wannan aiki, ya san ma'anar abin. Abin da ya rage mata ba sa'o'i ba ne, mintoci ne, ko goma ko ƙasa. Baƙin ciki ya kama shi, irin wanda ba shi da wurin kai ƙara, don wanda ya yi ɓarnar alheri ya yi. Ya zauna a zauren har Hajjo ta aiko murya sau biyu cewa tuwo zai huce.

Daga ranar duk wanda ya zo aro sai ya ce masa ba ta da lafiya. Gaskiya ce, kuma ita ce amsa ɗaya da unguwa ke karɓa. Mutane suka ce Allah ya sawwaƙe. Wasu sun yi makonni suna tambayarsa ya mai jiki. Ko kunnawar Juma'a ya daina, sai dai ya fitar da ita bakin rana ta sha hantsi.

Wata bakwai ana haka. Cikin Afrilun 1979 mahaifin mai otal ya rasu, ya tafi garinsu ya bar mabuɗi a hannun matarsa Nkechinyere. Romanus ya yi ta binta har ta ce jita ta fita da rana, amma ta dawo kafin biyar. Bayan azahar sai ga shi ya sauko daga tasi, jitar naɗe a zani. Dattawan da ke kan dakali suka bi zanin da kallo. Sa'adu ya je ya gaishe su, ya ce gwaji ne za a yi, aikin gyara ba ya kammala sai an gwada.

Ya gaya wa Romanus halin da ake ciki. Ya ce ya daidaita tsirkiyoyinsa tun kafin a kunna, kada a ɓata ko daƙiƙa, kuma in ya fara kada ya tsaya tambaya. Romanus ya zauna a kan benci ya gama murɗe-murɗensa, ya jona waya. Sa'adu ya yi bisimilla ya kunna. Suka jira. Bai rage mata ko daƙiƙa daga minti biyar ɗinta ba, ko da yake daga cikin jarin ake cirewa. Sannan ya gyaɗa kai.

Romanus ya shafi tsirkiyoyin. A daidai nan Sa'adu ya ji wani ɗan gunji siriri a ƙarƙashin sautin, wanda babu shi a da. Ya zagaya baya da sauri, ya tsuguna, hannu ɗaya a aljihu, ya kara kunne. Daga kwandansa ne, 'yar na'urar nan ta cikinta mai riƙe wuta, ko daga wayar jitar? Ya taɓa nan, gunjin ya ragu, ya saki, ya dawo. Da Romanus ya sauka kan babbar tsirkiya sai liƙin takardar sigarin nan na hagu ya ɗan yi zizza, Sa'adu ya sa a ransa gam ne ya bushe, gobe zai ƙara. Ya kai hanci yana shinshina ko wani abu ya fara ƙauri. Ya dubi bawul. Jan ya fara daga gefe, kamar ƙwayar gero, yana faɗi. Ya jawo mafici yana yi mata fifita, idonsa a kan jan, yana auna saura nawa. Jan ya cika ƙarfen. Wani haske shuɗi ya gilma a cikin kwalbar, aka ji ƙas, fis ɗin da ke tsare mata wuta ya tsinke.

Ya zare waya daga bango, ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Da ya zagayo gaba sai ya ga ƙofar zaure ta toshe da mutane. Dattawan dakali suna tsaye. Lukuman yana gaba, tef a wuya, almakashi a hannu, da alama daga kan ɗinki ya taso. Bala mai kayan miya ya baro tebur ba kowa. Romanus yana zaune, hannunsa har yanzu a kan tsirkiyoyin da suka daina ƙara, ya sa bakin zanin nan yana goge fuska.

"Oga," in ji shi, "shekara goma sha biyar ina wasa. Ban taɓa jin hannuna kamar yau ba."

Sa'adu ya ce akwai ɗan gunji. Romanus ya ce shi bai ji ba. Aka duba agogo, minti bakwai ta yi. Mutane suka yi ta sa albarka, wani dattijo ya ce lalle gwaji ya yi kyau. Romanus ya naɗe jita, don kada biyar ta same shi a hanya, Sa'adu ya raka shi titi ya tsayar masa da tasi.

Da ya dawo zauren ba kowa. Ya zauna a kan bencin da Romanus ya tashi, a gaban lasifika, inda bai zauna ba ɗazu. Ya nemi kiɗan a kansa. Gunjin yana nan, zizzar takarda tana nan, yana iya nuna daidai inda jan ya fara. Kiɗan ne babu. Ya sake nema, ya rasa ko gaɓa ɗaya. Sai a lokacin abin ya sauka masa a ƙirji, ya ji kamar ya yi kuka, amma la'asar ta yi, ya tashi ya yi alwala.

Bayan salla Hajjo ta kawo masa kunu, ta tsaya daga ƙofar ciki. Ta ce tana tankaɗe aka fara, ba ta san sanda ta ajiye rariya ba, kaji sun ci rabin garin tana kallonsu.

"Ya yi daɗi?" in ji Sa'adu.

"Ya yi."

"Wace irin murya ce?"

Hajjo ta dube shi. "Malam, ba kana wurin ba?"

"Ina wurin."

Ta dubi akwatin, ta dubi maficin da ke yashe a bayansa. Sai ta shigo ta zauna a ɗaya gefen bencin, abin da ba ta taɓa yi a zauren nan ba. Ta ce da farko a hankali ya taso, kamar mutum na magana shi kaɗai, daga baya ya yi kauri har ta ji shi a turmin da take zaune a kai. Ta ɗan gwada rerawa, ta tsaya, ta ce ba haka ba ne, ita ba ta iya ba.

Sa'adu ya ajiye kofin kunun bai sha ba. Ya ce ba komai, ta sake faɗa masa, daga farko.